Godiya bayan sallamata daga asibiti

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Alhamdu lillahi, likitoci sun sallame ni, yanzu ina gida a Agege ina murmurewa. Tun da yawancinku kun bi yadda ciwon huhun ya kwantar da ni har aka saka mini iskar oksijin, ba zan maimaita labarin ba, don ƙarfin yin hakan bai dawo mini ba tukuna.

Na san masu alheri ba sa son a ambace su a bainar jama'a, amma Kawu na Idi-Araba ya yi mini afuwa, domin shi ya biya kuɗin gado tun kafin iyalina su san inda za su nufa. Haka 'yan uwana na layin albasa a kasuwar Mile 12, da limamin masallacin unguwarmu, da maiɗakina wadda ta yi ta kwana a kan benci. Allah Ya saka muku da mafificin alheri, Ya jiƙan magabatanku, Ya raba ku da kwanan asibiti.

Sai wata baiwar Allah, Bayarabiya ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi da motsa jiki, wadda ta same ni a daren da aka cire mini oksijin tsoro ya kama ni, ina haki, yatsuna suna tsuma, har na fara kalmar shahada. Babban mutum a zaune yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, ni kuwa nawa ya zarce hakan nesa. Ta duba na'ura, ta tabbatar iskar jinina ba ta sauka ba, sannan ta sa na ɗora tafina a cikina, ta ce: "Alhaji, daina kokawa da iska, ka shaƙa ta hanci har cikinka ya taso, ka fitar a hankali ta tsukakken baki, fitarwar ta fi shaƙar tsawo." Ta zauna tana ƙirga mini har bugun zuciyata ya lafa, alhali lokacin tashinta ya wuce.

Daga baya ta bayyana mini cewa hakin tsoro yana fitar da iskar kabon daga jini fiye da kima, shi ke kawo jiri da tsumar yatsu, doguwar fitarwa kuma tana rage saurin zuciya. Ta ce a yoga ta koyi wannan, wato tsarin motsa jiki da natsuwa da ya samo asali daga Indiya, inda ake kiran sarrafa numfashi pranayama, reshe na 4 cikin rassa 8 na yoga, kuma a wurinsu duk motsin da ya sarƙe wa mutum numfashi ya wuce iyaka. Da na ji sunan na yi ɗari-ɗari, sai na tambayi malaminmu, kuma numfashin kawai na ɗauka, ina haɗa shi da tasbihi bayan Asuba. Ta ja mini kunne cewa ba ya maye gurbin magani, kuma kada in riƙa danne numfashi yanzu. Allah Ya yi mata albarka, ita da zuriyarta.

Akwai dangi a nan Legas da cunkoson motoci ya hana su leƙo ni, ga shi kuwa Goggo ta biyo motar dare tun daga Kano. Allah Ya bar zumunci. Likita ya hana ni shiga kasuwa da zama kusa da hayaƙin janareta tukuna, saboda haka masu son zuwa dubiya su zo bayan La'asar, kuma a yi mini haƙuri idan ban yi doguwar hira ba.