Yadda Na Haɗa Akwatin Lasifikar Jitar Bes da Kuɗi Kaɗan

Na shafe shekara biyu ina kaɗa jitar bes a ƙungiyarmu ta kiɗan biki da lasifikar aro, har na tabbatar da cewa zanen aro ba ya rufe katara, domin ranar da na fi bukatarta ita ce ranar da mai ita yake da nasa aikin. Amfilifaya ina da ita, wadda na saya ta hannu, amma farashin akwatin lasifika na kanti ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba. Wannan ne ya sa na yanke shawarar haɗa nawa.

Da farko na ɗauka akwatin mazubi ne kawai da ake saka lasifika a ciki don kada ta lalace. Na gane kuskurena ne ranar da na jona lasifikar tsirara a kan tebur na kaɗa tsirkiya mafi kauri, wato E, wadda take girgiza kusan sau 41 a daƙiƙa ɗaya. Takardar lasifikar tana ta kai da komo kamar za ta fice, amma sautin da ya fito siriri ne marar nauyi. Dalili shi ne, idan takardar ta tura iska gaba, tana jan iskar baya a lokaci guda, sai iskar gaban ta zagayo ta cike gurbin, su kashe juna. Aikin akwati shi ne raba waɗannan ɓangarori biyu, kuma yawan iskar da ke cikinsa yana daga cikin abin da ke tsara sautin, kamar yadda girman ƙoƙon gurmi yake da hannu a muryarsa.

Fiye da rabin kuɗina a kan lasifikar ya tafi, kuma ban yi nadama ba. Na samu ta hannu mai faɗin inci 15 a Sabon Gari, a nan Kano. Kafin in biya, na danna takardar a hankali da yatsu ta kowane gefe don in ji ko koyil yana gogar maganaɗisu, sannan na ɗora mita a kanta ta nuna kusan om 6, wanda shi ne daidai ga lasifikar da aka rubuta wa om 8. Abin da ya sa na zaɓe ta a kan wata da ta fi ta araha shi ne lambar samfurinta tana nan a jiki, don haka na samo takardar bayaninta a intanet. A cikin takardar akwai alƙaluman da ake kira da sunan Thiele da Small, injiniyoyi biyu da suka yi aikinsu a Ostireliya, waɗanda suka tsara lissafin da ke nuna girman akwatin da ya dace da kowace lasifika. Na zuba alƙaluman a manhajar WinISD, wadda kyauta ce, ta nuna mini cewa akwati mai ɗaukar iska lita 100, mai bututun numfashi, wato kafar da iska ke shiga da fita, da aka saita a kan hertz 45 (girgiza sau 45 a daƙiƙa ɗaya), zai yi mini. Wannan lissafi na lasifikata ne kaɗai. Wanda ya kwafe shi ya ɗora wa wata daban, sai dai ya yi sa'a.

Na tsayar da awon ciki a kan santimita 60 tsawo, 48 faɗi, 38 zurfi. Wannan ya ba da lita 109, kuma rarar lita 9 ɗin ita ce gurbin da jikin lasifikar da bututu da tokare za su cinye. A 'Yan Katako da ke Na'ibawa na sayi falawud guda ɗaya mai ƙafa 4 da ƙafa 8, kaurin milimita 18, ya kuma ishe ni har da saura. Na ƙi katakon MDF duk da laushinsa wajen yanka, saboda nauyinsa da kuma yadda yake kumbura idan ya sha danshi, ga shi kuwa kayanmu a bayan a-kori-kura suke yawo rani da damina.

Ban amince da hannuna a kan zarto ba, sai na kai wa wani dattijon kafinta a unguwarmu ya yanka mini. Da ya ga na dage sai an saka tokare a ciki, tsakanin bango da bango, sai ya ce, "Yaro, wannan katakon ko mutum ya hau ba zai karye ba." Na ce, "Baba, ba karyewa nake tsoro ba, rawa nake tsoro." Na sa ya ƙwanƙwasa tsakiyar allon baya, ya yi amo kamar ganga, bayan mun saka tokaren kuma ya sake ƙwanƙwasawa, sai amon ya mutu. Duk ƙarfin da ya tafi wajen girgiza katako an rage shi ne daga sautin da ya kamata ya isa kunnen jama'a. Mun haɗa kowace gaɓa da gam ɗin kafinta da sukuru, na bi kusurwoyin ciki da silikon, na kuma manna siririn soson katifa a bangon baya da gefuna.

Bututun numfashi shi ne ya fi cin lokacina, kuma a nan na fi ƙaruwa. Yana aiki ne kamar bakin kwalba idan aka hura shi: iskar cikin akwati da ta cikin bututu suna da amon da suke tsayawa a kai, kuma gwargwadon tsawon bututun, gwargwadon saukar amon. Na yi amfani da fayif ɗin roba na masu aikin famfo, mai faɗin inci 4, guda biyu, domin guda ɗaya yana sa iska ta fito da gudu har a riƙa jin hucinta. Lissafi ya ce kowanne ya kai kusan santimita 16, amma da yake guntayen da na samu kyauta santimita 10 ne, sai na ce bambancin ba zai taka kara ya karya ba. Na kwantar da akwatin a kan bayansa, na watsa ƙwayoyin gero kaɗan a kan takardar lasifikar, na saki sauti daga manhajar waya ina sauke shi sannu a hankali daga hertz 80. A daidai amon da akwati ya tsaya a kai, takardar kusan daina motsi take yi, bututu ya karɓi aikin. Geron ya yi ta tsalle har sai da na iso 52, nan ya lafa, iska kuma ta riƙa bugun tafin hannuna daga bakin fayif. Wato na yi sama da inda nake nema, kuma hakan yana da haɗari, domin ƙasa da wannan amo akwati ba ya riƙe takardar, tana lilo ne kamar ba ta cikin komai, ga shi kuwa tsirkiyar E a can ƙasa take. Dole na sayi sabon fayif, na yanka santimita 20, na riƙa rage shi kaɗan-kaɗan ina maimaita gwajin, har geron ya lafa a kan 45 lokacin da tsawon ya dawo 16. Da na fara da dogo tun farko, da ban yi aikin sau biyu ba.

Bayan an gama komai sai wani siririn fito ya riƙa biyo kowane kiɗa mai nauyi. Kwana biyu ina zargin lasifikar, har sai da na zagaya akwatin da jiƙaƙƙen hannu na ji sanyin iska a ramin da ake soka waya. Na gina masa ɗan ƙaramin gida na katako ta ciki na toshe da silikon, fiton ya ɗauke. Wajen jona waya kuwa, na taɓa batir mai bolt 1.5 a bakinta don in ga takardar ta turo waje, alamar ban juya ja da baƙi ba, kuma na yi amfani da waya mai kauri ta lasifika, ba siririyar wayar jita ba, wadda ba a yi ta don ɗaukar irin wannan wuta ba.

Ado ban kashe masa komai ba sai baƙin fenti da ragar ƙarfe da wani mai walda ya lanƙwasa mini. Inda na yi tsumulmular da ta dame ni shi ne mariƙi, domin na saka ƙanana irin na durowa, suka kuwa yanke mana tafin hannu a bikin farko, lokacin da muka hau da akwatin bene ni da mai ganga. A wannan daren amfilifayar ba ta wuce rabi ba, amma mai ganga, wanda a da yake ƙorafin ba ya jin bes, ya waiwayo sau biyu yana yi mini alamar in rage. Washegari na koma wajen Baba kafinta muka faɗaɗa ramukan gefe don manyan mariƙai, muka kuma ɗaura tayoyi huɗu a ƙasa.