Kashta da Shaho: daga Jidda zuwa ramin Wahba da kare a bayan mota

Tun da muka dawo 'yan uwa ke ta tambayata a WhatsApp wai da gaske ne da kare muka yi tafiyar nan, wasu da mamaki wasu kuma da ɗan faɗa-faɗa a ciki, to bari in zauna in faɗi yadda aka yi tun daga farko kowa ya ji daga bakina.

Shaho sunansa. Salluƙi ne, irin karnukan farautar nan na Larabawan daji masu dogayen ƙafafu da ɗan siririn ciki kamar an ɗaure da igiya, launinsa sak rairayi. Kuma ba saye na yi ba. Wani dattijo ne da muke maƙwabtaka da shi can wajen Usfan kusa da Jidda inda ni da ƙanena muke da 'yan tumaki, shi ne mai shi, da ciwo ya kwantar da shi 'ya'yansa suka zo za su tafi da shi cikin gari, kuma babu mai iya zama da kare a gidan bene, sai ya aika aka kira ni ya damƙa min igiyar a hannu ya ce amana. Shahin yake kiransa, yarana suka mayar da shi Shaho, kuma yana amsawa.

Hutun makaranta na tsakiyar shekara ya faɗo cikin sanyi, ga wani abokina ya daɗe yana cewa in ɗauki karfan ɗinsa mu je kashta, wato fita daji a kwana a can yadda mutanen ƙasar nan ke yi da zarar sanyi ya shigo. Karfan ɗaki ne mai taya da ake ja da mota, da gadaje da ɗan wajen girki da banɗaki da tankin ruwa duk a ciki. Ana saura kwana uku mu tashi sai ga matsala, yaron da ke kula mana da dabbobi ya tafi ƙasarsu hutu, wanda ya tsaya masa kuma ya ce tumaki zai duba amma kare kam ko kwanonsa ba zai taɓa ba. Ban ga laifinsa ba. Amma ni kuma ba zan bar amanar mutum kwana biyar a ɗaure babu mai ba shi ruwa ba, don haka na ce da shi za mu.

Da Inna ta ji sai da ta ajiye carbinta. Ta ce kai yanzu kare za ka sa a ɗakin da za ku kwana ku yi sallah, kakanka da ya tako da ƙafa tun daga ƙasar Hausa ya ratsa Sudan ya haye teku don ya ga Ka'aba, abin da jikansa zai yi ke nan? Na ce Inna ki yi haƙuri, ba zai shiga ɗakin ba ko sau ɗaya, kejinsa na bayan Hilux, kwanonsa daban, rigar da nake kama shi da ita daban da ta sallah. Mu dai mun taso tsakanin fahimta biyu, iyayenmu sun zo da Malikiyya inda kare mai rai ba najasa ba ne a kan kansa sai dai a wanke kwanon da ya sa baki sau bakwai, a makaranta kuma nan Saudiyya aka karantar da mu cewa yawunsa najasa ne sai an wanke sau bakwai ɗaya da ƙasa. Ni na ɗauki mai tsananin don kar in shiga haƙƙin wanda zai bi ni sallah. Amma dukkansu sun yarda da karen farauta da na kiwo da na gona, kuma dukkansu sun san hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da kare Allah ya gafarta masa. Inna ta ce Allah ya tsare, ba ta ƙara ba.

Ɗan baffana da ke Amurka da ya ji shirin sai ya yi ta turo min bidiyo na yadda suke yi a can, filaye ne musamman na masu irin wannan mota, kowa da gurbinsa da wajen jona wuta da ruwa da bututun zubar da ƙazanta, wasu kamar na kamfanin KOA har da ɗan fili mai shinge da ake sakin karnuka su yi gudu, dokarsu kuma igiyar kare kar ta wuce kamar mita biyu kuma kowa ya kwashe kashin nasa. Mu nan abin bai kai can ba tukuna duk da ana canzawa, ni na tuna a 2006 har hana sayar da karnuka da kyanwoyi aka yi a Jidda da Makka, sai ga shi a 2020 an buɗe shagon shan gahawa na masu karnuka a Khobar. Abin da muke da shi da yawa shi ne daji, fili iya ganinka.

Bayan asuba muka tashi, ni da ƙanena da babban ɗana. Ban bi ta cikin Makka ba, raina bai ba ni in ratsa harami da kare a mota ba, sannan hawan dutsen Hada da ke kai wa Ɗa'if da lanƙwashe-lanƙwashensa ba wajen jan karfan ba ne. Muka bi ta Jumum muka fita Zaima muka hau hanyar Sail, wadda manyan motoci ke bi, ta fi nisa amma hawan a hankali yake. Duk awa ɗaya da rabi sai na tsaya nesa da mutane na fito da shi ya miƙe ƙafa ya sha ruwa. Wannan maganar ruwan kar wanda ya raina ta, kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafi, Shaho bai fi kilo 20 da 'yan kai ba amma a rana yana shan sama da lita ɗaya ko ana sanyi, kuma ranar Hijaz ko a Janairu in ta take tsaka ƙarfen bayan mota zafi yake yi, sai da na ɗaura tabarma a saman kejin na bar gefe a buɗe iska na shiga. Da rani kam ko da kuɗi aka haɗa ni ba zan yi wannan tafiyar da shi ba.

Abin da ya ɓata min rai a Ɗa'if ya faru, can wajen Shafa. Tun muna Jidda na kira wani wurin shaƙatawa da ke ba da fili a ajiye karfan, na faɗa musu ƙarara cewa da kare nake, aka ce ba komai, na tura kuɗin kafin alƙalami. Muna isa la'asar sakaliya mai gadi ya leƙa bayan mota ya ga keji ya ce mamnu', wato an hana. Na nuna masa saƙonnin, ya kira wanda ke sama da shi, shi kuma ya ce wanda ya amsa min waya bai san doka ba, akwai iyalai a ciki. Wallahi ba hanawar ce ta dame ni ba, wurinsu ne, kuma na san akwai matan da ko daga nesa suka hango kare hankalinsu tashi yake, 'yar uwata ma haka take. Da tun farko sun ce a'a ai da na nemi wani wuri da rana tsaka, ba sai magariba ta kawo kai ina kan dutse da yaro da karfan ina neman inda zan juya ba. Kuɗin ma sai bayan kwana tara suka dawo.

Allah da ikonsa wani mai sayar da zuma a bakin hanya ya kwatanta mana gonar wani tsoho da ke karɓar masu kashta a gefen gonarsa, yana ja musu wayar wuta ya ba su ruwa daga tanki. Tsohon ya zo da fitila ya haska kejin ya daɗe yana kallon Shaho, ya tambaye ni na wane ne, na ba shi labari. Sharaɗi uku ya kafa min, kar ya sauka daga igiya, kar ya kusanci wajen da ake sallah da tantin iyalai, kuma abin da ya yi in kwashe. Na ce na yarda har da na huɗu, in ya yi haushi da dare ya hana mutane barci da kaina zan tattara in tafi. Salluƙi dama ba mai yawan haushi ba ne, har gari ya waye ba a ji bakinsa ba.

Sanyin Shafa kuwa ba wasa, wurin ya haura mita 2,000 a sama, hazo na sauka har ba ka ganin motar da ke gabanka. Irin su Shaho ba su da kitse ba su da gashin kirki, cikin dare na fito na haska shi na tarar ya dunƙule yana karkarwa haƙarƙarinsa duk a waje, sai na ciro tsohuwar farwata, wato alkyabbar sanyi mai gashi a ciki, na lulluɓa masa na juya motar ta ba iska baya. Farwar ta zama tasa ke nan.

Da safe kuma birai. Wanda ya san Hada da Shafa ya san gwaggon birin nan da ke zama garke-garke a bakin titi mutane na jefa musu ayaba da burodi, sun saba da mutane har mota suke hawa. Wani ƙaton namiji mai gashin wuya ya sauko kan katangar gonar ya yi hamma na ga fiƙoƙinsa, sun fi na Shaho tsawo. Shi kuma jikinsa har rawa yake yana jan igiya yana so ya bi. Da a sake yake da ba na jin zan dawo da shi lafiya.

Kwana biyu muka yi muka kama hanyar Riyad zuwa Wahba, kusan kilomita 250 daga Ɗa'if, ana barin babban titi a bi ta Ummud Dum. A yankin nan ne gandun Mahazat as-Said yake, inda ake kiwon barewa da jimina da sauran namun dajin da suka kusa ƙarewa, kuma yanzu farauta sai da lasisi da lokacinta, jami'an tsaron muhalli na zagayawa, ko itacen daji ba a yarda ka sara ka hura wuta ba, gawayin da aka shigo da shi daga waje muka saya a gidan mai. Shi ya sa ko a filin da babu kowa ban sake shi sakaka ba, doguwar igiya na sa masa, don salluƙi in ya hango zomo ba ya jin kira, gudunsa na wuce kilomita 60 a awa, kafin ka ce me ya ɓace maka.

Ramin kansa gani ya kori ji. Kana tafiya a fili shimfiɗaɗɗe sai kawai ƙasa ta buɗe a gabanka, faɗinsa kusan kilomita 2, zurfinsa wajen mita 250, can ƙasa fari fat kamar an shanya alawayyo, gishiri ne. Da ana cewa tauraro ne ya faɗo, masana suka ce a'a, narkakken dutse ne daga ƙarƙashi ya haɗu da ruwa ya fashe. Mutanen wurin kuma Maƙla'u Ɗamiyya suke ce masa, suna da tatsuniyar wata dutsiya da ta kamu da son wani dutse ta tumɓuke kanta ta bi shi ta bar ramin. Na riƙe yaro da hannu ɗaya igiya da ɗaya, bakin rijiya ba wajen wasan makaho ba ne.

Kuskurena a nan yake. Duk kewayen wurin harra ce, baƙin dutsen aman wuta mai kaifi kamar fasasshiyar kwalba, mu muna cikin takalma ban kawo ƙafar Shaho a raina ba, shi da ya saba da rairayin Usfan. Muna dawowa wajen karfan na ga yana ɗingishi, ɗana ya durƙusa ya ce Baba jini, Baba ƙafarsa jini! Sai muka ji murya daga bayanmu da Hausa tsantsa, ana cewa kar ku ja shi, ku ɗauke shi.

Wani dattijo ne makiyayi da sandarsa da rawani, yana kiwon tumakin wani Balarabe a wajen. Bahaushen Sudan ne, mutumin Gadarif. Muka gaisa kamar mun shekara da sanin juna, na ce Baba daga ina haka, ya ce ɗana ai ni zan tambaye ka, shekara nawa rabon da in ji yaro ya yi Hausa a dajin nan. Ya sa na riƙe kan Shaho, ya ɗaga ƙafar gaba ta dama, tafin ya tsage kamar tsawon gaɓar yatsa da ɗan tsinin dutse a ciki, ya cire da farce, muka wanke da ruwa da gishiri na sa maganin ciwo na naɗe da bandeji na zura masa safar yaron a kai. Yana cikin shafa shi kuma ya zaro kaska biyu a bayan kunne, ya ce ta raƙuma ce, duk inda ka ga kashin raƙumi kar ka bar shi ya kwanta, kuma da dare ka mayar da shi keji don karnukan garke ba sa ƙyale baƙo, kyarkeci ma yana saukowa. Shi ne ya ce min in ciwon ya warke in riƙa sa masa lalle a tafin ƙafa yadda Larabawan daji ke yi wa karnukan farautarsu kafin su shiga dutse.

Daren nan tare muka ci abinci, ƙanena ya dafa kabsa, wato shinkafa da nama, dattijon kuma ya kawo madarar tumaki muka yi shayi. Ya daɗe yana ba mu labarin gida da yadda yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya cika garinsu da 'yan gudun hijira, 'yarsa da jikokinsa na can, sai ya hau wani tudu yake samun layin kiransu. Shaho na kwance a keji cikin farwa da ƙafa ɗaya a safa, yana kallon wuta.

Washegari muka fasa ƙarin kwanan da muka yi niyya muka juyo gida. A Jidda likitan dabbobi ya duba ya ce ba sai an ɗinke ba, ya ba da maganin kaska, ya duba katin allurarsa ta haukan kare ya ga da saura. Kwana goma sha biyu ya yi kafin ya taka ƙafar sosai.

Da na je gaida Inna na ba ta labarin makiyayin da maganar lallen, ta tambayi ko ɗan wane gida ne a Gadarif don tana da dangi a can, sannan ta ce lallen kanti da zan saya duk haɗi ne zai ƙona masa ƙafa. Ta tashi ta ɗebo nata na ganye ta kwaɓa a wata tsohuwar roba ta miƙo min, ta ce in na gama kar in dawo mata da robar.