Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Wuƙar Baba

A makon jiya na tsaya ne a rabon gadon Baba a garin Garwa na Kamaru, cikin 1994, shekarar da aka karya darajar sefa. Yayyena suka ɗauki keke da rediyo da ragowar huhunan goro. Ni auta aka miƙo mini adakarsa. A can ƙasanta, cikin tsumma, na tarar da wuƙar aljihun da yake yanke igiyar huhu da ita.

Wuƙar da ake kira Douk-Douk ce, wadda ake ƙerawa a garin Thiers na Faransa tun 1929. Ƙotarta ba itace ba ce, fallen ƙarfe ne aka ninka biyu. Ta Baba irin da ake kira El Baraka ce, mai tambarin Agadas a jiki maimakon hoton dodon da ke kan Douk-Douk ta asali. Ya sha cewa shi ba zai yi salla da dodo a aljihu ba.

Tsatsa ta kama ta, ta ƙi buɗuwa. Na jiƙa ta a kananzir kwana uku, ta saki. Da na tsaya nan da na huta. Sai rawar kai ta kai ni wurin wani mai injin wasa wuƙa a kasuwa. Ya danna ta a dutse, tartsatsi na tashi ina ta murna, har tsininta ya koma shuɗi.

Inna ce ta tura ni wurin wani tsohon maƙeri, abokin Baba. Ya juya wuƙar, ya dube ni.

"Ɗana, wa ya ƙona ta?"

"Kawu, wasa ta na kai a yi."

"To zafi ya kashe ƙarfen nan. Inda ya yi shuɗi ya yi laushi, ba zai ƙara riƙe kaifi ba."

Da magagari ya cinye wurin a hankali, ya fitar da sabon tsini, wuƙar ta ɗan gajarta. Ya goge tsatsar da toka da lemun tsami, ya wanke, ya shanya. Ƙusar da bakin ke juyawa a kanta ta yi sako-sako, ya ɗora ta bisa uwar maƙera yana ƙwanƙwasawa kaɗan-kaɗan, in ya buga sau biyu sai ya buɗe ya rufe ya ji. Wasawar kuwa a dutse ya yi ta, da ruwa, har la'asar. Ya ɗiga man gyaɗa, ya aske gashin hannunsa da ita.

Na nuna masa wani wuri a ƙotar da ya dushe, na ce ya goge.

"Bar shi. Nan babban yatsan mahaifinka ke zama."

Na miƙa masa sefa 500, ya ture hannuna, ya ce goro biyu sun isa. Ina shirin tashi ya ce, "Yanzu da babu Alhaji, wace sana'a kake yi?" Amsar da na ba shi, da faɗan da ta jawo mini da Yaya babba, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.