Gidan Ruwa na Titin Kakawa: Abin da Na Gano a Ikko

Aikin gado ne ya kai ni Legas. Wasu magada a Kano suka wakilta ni in je in duba wani gida da mahaifinsu ya rasu ya bari a Agege, in ji abin da kasuwa za ta taya, tunda dillancin gidaje da filaye shi ne sana'ata. Na sauka a wurin wani dattijo, aminin marigayin, wanda fataucin goro ya zaunar da iyayensa a Agege tun zamanin Turawa. Da na shaida masa cewa na riga na yi maganar ɗaki a otal, sai ya ɓata rai ya ce, "Haba ɗana, kana da uba a garin nan, ka je ka kwana a ɗakin kuɗi?" Nan take ya kwashe jikokinsa daga ɗakin da ya fi samun iska ya ba ni, kuma har na baro garin bai bari na sa hannu a aljihu ba, ko da kuɗin mota ne.

Da muka shiga cikin dillalan unguwar na tarar sana'ar tamu tana da wata fuska dabam a can. Mai neman haya ba kuɗin shekara kaɗai yake tanada ba, domin a bisa al'ada akwai kashi 10 cikin 100 na dillali, akwai wani kashi 10 na rubuta yarjejeniya, sannan ga kuɗin ajiya saboda abin da za a iya lalatawa a gidan, wanda ba kowa yake sake ganinsa ba ranar da ya tashi. Dokar haya ta jihar ta shekarar 2011 ta hana a karɓi fiye da kuɗin shekara guda daga sabon ɗan haya, amma da kunnena na ji wani mai gida yana neman na shekara biyu ba tare da ko rage murya ba. Wanda ya sayi fili kuwa sai ya shirya wa waɗanda ake kira omo onile, masu cewa ƙasar ta kakanninsu ce, su zo neman kuɗi ranar haƙa harsashi, su dawo ranar rufi, duk da cewa tun 2016 jihar ta yi dokar hana wannan ɗabi'a. A wurinmu mai unguwa ya sa hannu, shaidu su shaida, a ba da la'ada da kuɗin goro, ciniki ya faɗa. Sai dai dole in yi musu adalci: sun fi mu tsoron takarda. Ba wanda ya tambaye ni ɗakuna nawa ne a gidan kafin ya tambayi takardar shaidar mallaka da amincewar gwamna, wadda dokar filaye ta 1978 ta wajabta idan za a sauya mai mallaka. Da mu ma muna yin haka, da rabin shari'un fili ɗaya mai shi uku ba su kai kotu ba.

A cikin wannan cinikin ne wani dillali Bayarabe, da na faɗa masa abin da magada suke sa rai, ya ɗaga hannu sama ya ce shi ba Da Rocha ba ne. Baba mai masaukina ya bayyana mini cewa sunan wani attajirin gidaje ne na tsohuwar Ikko da ake buga misali da shi, kamar yadda mu muke ambaton Ɗantata, kuma gidansa yana nan a tsibiri har gobe. Na ce lallai sai na gan shi.

Muka hau sabon jirgin ƙasan nan da ya fara aiki a 2024 daga Agege zuwa Oyingbo, daga nan muka shiga ƙaramar bas muka haye gadar Carter zuwa Idumota, muka ƙarasa da ƙafa. Kafin mu kai, na tsaya ɗaukar hoton wani dogon bene, sai ga mai gadi ya taso mini da tsawa yana neman fizge wayata, kamar ya kama ɓarawo. Bai tambayi ko ni wane ne ba, bai dubi furfurar Baba ba, sai zagi da nuna yatsa. Na goge hoton a gabansa muka wuce, amma abin ya tsaya mini a rai, domin hani daban ne, wulaƙanci daban.

Gidan yana lamba 12 a titin Kakawa, kusa da Marina, kuma sunansa Gidan Ruwa. Bene ne hawa ɗaya mai dogayen tagogi da ado irin na maginan Barazil, ya zauna a tsakanin manyan gine-ginen bankuna da ofisoshi waɗanda suka ninka shi tsawo. A matsayina na dillali, abin da ya fara zo mini shi ne lissafin abin da filin kaɗai zai yi a yau, a tsakiyar cibiyar kasuwancin Legas, da kuma yawan masu kuɗin da babu shakka sun taɓa kai tayi aka ƙi. Muna tsaye sai wani tsoho Bayarabe mai shago a kusa ya ji muna Hausa, ya yi mana sallama da Hausa tsantsa, ashe ya yi ƙuruciyarsa a Sabon Garin Kano. Ya kira Baba "Alhaji", ya kira ni "Malam", ya ba mu benci da ruwan sanyi, daga ƙarshe ya bar wa yaronsa shagon ya zaga da mu unguwar. Na yi ƙoƙarin ba shi wani abu ya ƙi, ya ce ruwan Kano da ya sha bai gama biya ba.

Asalin gidan ya faro ne daga João Esan da Rocha, mutumin Ilesha, wanda aka kama yana yaro aka sayar da shi bawa zuwa Bahiya a ƙasar Barazil. A can ya girma, ya samu 'yancinsa, ya yi aure, aka haifa masa ɗansa Candido a 1860. A shekarun 1870 ya kwaso iyalinsa ya tsallako teku ya dawo Ikko, tun kafin Barazil ta soke bauta a 1888. Irin waɗannan da suka dawo su ake kira Aguda, kuma unguwarsu ita ce Popo Aguda, wajen dandalin Campos da titin Bamgbose. Sun dawo da sana'ar gini da kafinta da ƙira, shi ya sa tsohuwar Ikko ta cika da gidaje masu wannan fasali. Wani abin da ya sosa mini zuciya shi ne akwai Hausawa da yawa a cikin bayin Bahiya, su suka kitsa yunƙurin boren 1807, kuma bayan babban boren bayi Musulmi na 1835 hukumomin can suka koro da dama zuwa Afirka ta Yamma. Ke nan tarihin unguwar nan bai tsaya ga Yarabawa ba, har da namu a ciki, amma ba a koya mana shi.

Abin da João ya gani, wanda wasu ba su gani ba, shi ne ruwa. Ikko tsibiri ne da ruwan gishiri ya kewaye, ruwan sha mai daɗi yana wuya, sai ya haƙa rijiya a gidansa ya sa mata famfo, mutane suna zuwa suna saye. Daga nan gidan ya samu sunansa. Ruwan famfo na gwamnati daga Iju bai zo ba sai 1915, saboda haka an yi shekaru masu yawa gidan yana shayar da jama'a yana kuma tara kuɗi. Wannan ya yi daidai da abin da nake faɗa wa masu sayen fili a wurina kullum: ƙasa ba ta yin daraja don kanta, abin da mutane suke buƙata a kanta shi ne yake ɗaga ta. Na ga unguwanni a bayan Kano da aka yanka fuloti suka shekara ba mai tayawa, rana ɗaya aka haƙa rijiyar burtsatse aka ja wuta, farashi ya tashi.

Candido ya taso da harshen Fotugal a bakinsa, ya yi karatu a makarantar CMS Grammar, sannan ya gaji gidan da harkokinsa ya faɗaɗa su. Ana ba da labarin cewa babbar nasararsa ta farko ita ce wani zinare da ya saya a hannun wani Bature mai shirin komawa gida, da bashin da ya ci daga bankin da yanzu ya zama First Bank, ya sayar wa maƙeran zinare kaɗan-kaɗan ya ci riba mai yawa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne inda ya kai ribar. Ya zuba ta a filaye da gidaje a tsibirin, ya mallaki otal ɗin Bonanza, ya zama mai ba da rance, a 1907 kuma ya haɗa kai da wasu 'yan kasuwa 'yan ƙasa suka kafa banki nasu a lokacin da harkar banki take hannun Turawa. A zamanin yaƙin duniya na biyu, da sojoji suka karɓe ɗakunan kwanan ɗaliban King's College, a otal ɗinsa aka saukar da ɗaliban. Yana da sha'awar dawakin sukuwa, a filin da yanzu ake kira dandalin Tafawa Balewa. Ƙanensa Moses likita ne da ya yi karatu a Edinbara. Shi kuwa Candido ya rasu a 1959 yana dab da cika shekara 100, aka binne shi a maƙabartar Ikoyi.

Tsohon nan mai shago ya ba mu sauran labaran da ake yi a kan Candido, wai yakan watso wa yara kwabbai daga saman bene, wai har Ingila yake aika tufafinsa wanki. Irin wannan ana jingina wa kowane attajiri, kuma ba su ne suka dame ni ba. Ba kuma zan ce komai nasa abin koyi ne ba, domin rance da ruwa addinina bai yarda da shi ba. Amma mutumin da aka sayar da ubansa kamar kaya, ya zama shi ne mai ƙasa a tsakiyar birni, zuriyarsa kuma ta riƙe gidan fiye da shekara 100 ba a rushe ba, wannan ya cancanci a tsaya a duba.

Ba kowane gida ne ya yi wannan sa'ar ba. Tsohon ya kai mu kusa da dandalin Tinubu ya nuna mana inda Ilojo Bar yake a da, wani gidan Aguda da gwamnati ta ayyana cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956, amma aka wayi gari ranar 11 ga Satumba, 2016, jajibirin Babbar Sallah, an baje shi. Tsohon yana magana muryarsa tana rawa. Ni kuwa sai tunanina ya koma cikin birnin Kano, inda soraye da zaurukan attajiran da suka yi fatauci har Gwanja suke faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, ana kafa rukunin shaguna a gurbinsu. Mu dillalai da hannunmu a ciki, domin mu ne muke kawo mai saye tun ba a yi sadakar arba'in ba. Rabon gado umarnin Allah ne, ba mai jayayya da shi, amma shari'a ba ta ce dole sai an sayar ba. Magada suna iya barin gida a matsayin tarayya su riƙa raba kuɗin haya gwargwadon rabon kowa, mai dukiya kuma yana iya yin waƙafi tun yana raye. Gaggawar kowa ya karɓi nasa a hannu ita take cinye dukiyar da aka shekara 50 ana tarawa cikin shekara biyu.

Azahar ta same mu a titin Martins, muka yi salla a masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894, wanda shi ma wani magini Aguda ne, João Baptista da Costa, ya jagoranci gininsa. Na jima ina kallon fuskar ginin, ina mamakin yadda masallaci ya fito da irin wannan ado, kuma har yau ana cika shi.

Da daddare na kira babban cikin magadan na ce masa, "Yaya, gidan nan yana da takardu cikakku, yana kusa da tashar jirgin ƙasa, kuma 'yan haya ba sa yankewa. Shawarata kada ku sayar." Na san maganar ta hana ni la'ada mai tsoka, amma ita ce gaskiyar abin da na gani. Ya ce zai tara ƙannensa su yi shawara.

Sauran wuraren da na je ba su riƙe ni ba. Na leƙa Ikoyi da Lekki, inda ake faɗin kuɗin wasu gidaje da dala, na ga katangu da ƙofofi da masu gadi, ga ruwa kwance a titi bayan ɗan yayyafi. Na hango inda aka cike teku da yashi ana gina Eko Atlantic. Abinci a tsibiri ya yi tsada ƙwarai idan aka kwatanta da Agege, balle Kano, kuma mutanen wurin ba su da lokacin amsa sallama. Ranar komawa Baba ya rako ni har filin jirgi da ƙullin goro da saƙon gaisuwa ga iyalan amininsa. Magadan sun sa ranar zama bayan sallar Juma'a mai zuwa, kuma sun nemi in halarta da kwafin takardun.