Gorin da na yi a fada

Ni da abokina shekara goma sha biyar muka yi muna shan shayi a tabarma ɗaya, a fadarmu ta unguwar Zango a Damagaram. Zaɓen shugaban ƙasar Nijar na 2021 ya raba mu. Ko da yake zaɓe ba shi da baki, nawa bakin ne ya yi aikin.

Ƙannena, wasunku ba su kai jefa ƙuri'a ba a lokacin. A zagaye na biyu, ranar 21 ga Fabrairu, mutum biyu suka rage: Mahamane Ousmane, ɗan Damagaram da ya yi mulki daga 1993 har sojoji suka kifar da shi a 1996, da Mohamed Bazoum na PNDS-Tarayya, wanda shi ma jihar nan ce tushen siyasarsa. Ni ina wajen Ousmane, abokina kuwa ya naɗa rawani ruwan hoda, launin jam'iyyar Bazoum, yana bin mitin. Da fari raha ce. Mai dafa mana shayi ma ya yanke cewa wanda ɗan takararsa ya faɗi, shi zai sayi sukarin wata guda.

Abin ya fara lalacewa ne da muka bar maganar tsadar hatsi da ƙarancin ruwan famfo, muka koma kan takardar ɗan ƙasa ta Bazoum da asalinsa. Abokina ya ce magana ta je kotu, kotu ta bar shi ya tsaya. Ni kuwa hujja ta ƙare mini, sai na ƙara murya. Ku lura da wannan gaɓa a kanku. Duk lokacin da kuka ji hujja ta ƙare amma zuciya na tafasa, ku ɗauki takalmanku. Abin da zai biyo baya gori ne.

Ranar 23 ga wata hukumar zaɓe ta CENI ta ce Bazoum ya samu sama da kashi 55 cikin ɗari. Da dare abokina ya iso yana murmushi, ya ce, "Aboki, ina sukarinmu?" Na ce, "Kai da aka saya da turmin atamfa da jikka biyar? Ko ka manta wanda ya biya kuɗin maganin Innarka bara?"

Fada ta yi tsit, sai ƙarar buta a kan gawayi. Ya ajiye kofinsa a faranti da sauran shayi a ciki, ya sa takalmi, ya tada babur. Bai ce uffan ba.

Da na tsaya nan, da dattawan unguwa sun ɗinke. Sai na koma gida na danna waya, na maimaita maganar cikin saƙon murya, na jefa a zaurenmu na WhatsApp. Washegari aka katse intanet ta waya kusan kwana goma. Na so in goge, babu hali, waɗanda suka sauke kuwa suna kunna wa juna a bakin Kasuwar Dole. Kada ku ɗauki murya kuna cikin fushi. Maganar fada iska ke tafiya da ita, ta waya kuwa har ɗakin uwar mutum take zuwa, da muryarka da numfashinka.

Na so in fake da cewa wasa ne. Mu nan mun san wasa, Barebari da Fulani suna yi wa juna abin da ya fi haka, a rabu ana dariya. Amma ba a taɓo ciwon uwa, ba a tono alheri. Kuma batun saye ƙarya na yi. Ba a ba shi ko dala ba, ra'ayinsa ne, ni ne na kasa yarda cewa mai hankali zai duba abin da na duba ya zaɓi wani.

Haƙurin da ya kamata in ba shi da safe, na ja shi shekara biyu, kullum ina cewa sai bayan Salla. Sojoji suka hamɓarar da Bazoum a Yulin 2023, daga baya aka rushe jam'iyyun gaba ɗaya, da tawa da tasa. Babu ɗan takarar da ya san sunana.

Rasuwar mahaifinsa ce ta kai ni gidan. Na yi gaisuwa a ƙofar gida, na shiga ciki na durƙusa gaban Inna. Ta amsa da kyau, ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta kwance bakin zanenta, ta fito da kuɗi a nannaɗe, ta ce, "Ɗana, nawa ne kuɗin maganin nan? Na daɗe ina tara maka."

Na kasa ɗaga kai. Na ce, "Inna, don Allah ki yafe mini." Ta ce ta yafe tuntuni, amma sai da ta danƙa mini kuɗin.

Yau ni da shi muna gaisawa in mun haɗu a masallacin Juma'a. Fada dai bai sake zuwa ba.