Ɗinkin kaka a Agege

Jiya da daddare Inna ta turo min murya ta WhatsApp daga Maradi wai an gama yankan gero, dammuna na ta shigowa gida a amalanke, sanyin asuba ma ya fara saukowa har tana neman mayafi in ta tashi alwala, ni kuma a daidai lokacin ina zaune a ɗakinmu na Agege ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, an ɗauke wuta fanka ta tsaya, zufa na bin bayana. Watan Oktoba ke nan fa. A nan Legas ba kaka irin tamu, ruwan farko ya fi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan sarara a Agusta, sai ya sake dawowa Satumba da Oktoba, hazo kuwa sai wajen Disamba ko Janairu zai ɗan leƙo kwana kaɗan ya wuce. To amma jikina bai manta ba, da zarar lokacin ya yi sai na ji hannuna na neman almakashi, don a gidanmu da kaka ake ɗinki, an sayar da gyaɗa da wake kuɗi sun shigo, Inna ta sayo yadi ta zaunar da mu a sake labule, a yi wa yara kayan ɗari kafin buji ya taso.

Farkon 2021 na zo, 'yan watanni bayan Najeriya ta fara buɗe iyakokin da ta rufe tun Agustan 2019. Maigida ya riga ni da shekaru, harkar albasa yake a kasuwar Mile 12. Ta Ɗan Isa muka biyo muka shiga Jibiya, daga nan Katsina, sai doguwar tafiyar nan da ba ta ƙarewa. Tsofaffinmu har yau Ikko suke cewa, kakata ta riƙe hannuna ta ce Ikko da nisa 'yar nan ki riƙe sana'arki. Kan keken ɗinkina Butterfly na cire daga teburinsa na naɗe a bargo na rungume shi a cinya tun daga Maradi har tasha, maigida ya ce a sa a but na ce a'a wallahi.

Daminar farko ta kusa kashe min keken nan. A gida ƙura ce abokiyar gabarmu, ka lulluɓe da tsumma shi ke nan, ban san a nan danshi ne ba. Wata uku ban taɓa shi ba saboda laulayi, ranar da na buɗe na tarar tsatsa ta kama farantin allura, ƙoshiya da kwarkwaro sun yi ja, hannun ya ƙi juyawa, zaren da ke kai ma in ka ja sai ya tsinke. Na zauna na yi kuka sosai don shi kaɗai ne abin da na zo da shi na gida. Wani tsohon tela ɗan Zinder da ke ɗinki kusa da masallacin layinmu shi ya kwance min shi ya wanke da kalanzir ya zuba man keke, ya ce 'yata a garin nan keke ba ya son zama, ko ba ki da aiki ki taka shi kowane mako ki ɗiga masa mai. Haka akwatina, shaddojin aurena duk sun yi funfuna fari-fari da wari, tun daga nan na daina jingina kaya da bango kuma duk ranar da rana ta fito nakan fitar da su su sha iska.

Sai batun awo. Mu da santimita da mita muka tashi, telolin Najeriya kuma inci da yadi, tef ɗin ɗaya ne kowa da gefen da yake karantawa. Zuwana kasuwar Oshodi na farko na ce a ba ni mita uku na yadin labule, mai shagon ya gyaɗa kai ya yanka yadi uku, ni ban sani ba sai da na dawo gida. Yadi ɗaya inci 36 ne, wajen santimita 91, kenan a ukun nan na rasa kusan santimita 26, na raba biyu na rataya labulen ƙofa ya tsaya sama da inda nake so, duk mai wucewa a baranda yana ganin ƙafafunmu, ga shi gidan haya ne irin mai ɗakuna suna kallon juna, ƙofa goma sha biyu bayi ɗaya kicin ɗaya. Kunya ta ishe ni. Da daddare na ɗauko ragowar wata atamfa mai ruwan goro na yanka tsiri mai faɗi na ƙara a ƙasa na kalmashe, da safe maƙwabciyata Bayarabiya da muke ce wa Mama ta tsaya tana shafa shi tana magana, ban ji ko kalma ɗaya ba sai 'yarta ce ta fassara min da Turancin buroka da nuni da hannu, wai irinsa take so. Ita ce kwastomata ta farko a ƙasar nan, kuma ita ta koya min elo ni, wato nawa ne, da yadda ake juya baya a tafi in an tsuga kuɗi sai an kira ka.

Labulen da nake yi yanzu ya bambanta da na gida. Can mai kauri muke so ya tare ƙura da sanyi, nan in kika sa mai kauri ɗaki ya zama tanda kuma ya riƙe danshi ya yi wari, sai na koma yadin auduga mara nauyi, faɗin taga sau ɗaya da rabi don ya yi tattara, sama na yi masa zariya a zura waya ko sanda, ba zobe ba komai, in ya yi datti a zare a wanke ya bushe kafin la'asar. Ta bayansa kuma nakan ɗinka tsohon gidan sauro da ya yage a tsakiya, na yanke wurin da ke da kyau na yi masa baki da ƙyalle na kafa a taga, saurayen Agege kam ba sa jiran damina.

Rigar filo ita ce na fi koya wa matan gidanmu don ko da allurar hannu ana yi. Ki auna filon, faɗinsa ki ƙara inci ɗaya na ɗinki, tsawon ki ninka biyu ki ƙara inci takwas, ki kalmashe bakin biyu, ki naɗo su ɗaya ya hau kan ɗaya ta baya ki bi gefe da gefe, ki juya, an gama, ba zif ba maɓalli, dama zif ɗin ƙarfe tsatsa yake yi a nan. Abu ɗaya dai, don Allah a wanke atamfa kafin a sa mata almakashi, sitacin ya fita in za ta tsuke ta tsuke tun da wuri, na ga wadda ta ɗinka ba ta wanke ba bayan wanki ɗaya filo ya ƙi shiga.

Yadin kuma ba sai sabo ba. Kasuwar Balogun can cikin Eko akwai komai, turmin atamfa yadi shida, leshi, shadda, amma nisa da cunkoso da kuɗin mota tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 sun sa sai da babban dalili nake zuwa. Kasuwar gwanjo ta Katangowa wajen Abule Egba ta fi min kusa, a nan nake tsintar manyan zannuwan gado na auduga masu laushi, guda ɗaya sai ya fitar min da wandunan barci uku na yara da riga, a sa roba a ƙugu kawai. Su nake tanada saboda 'yan kwanakin hazon nan, don yaran da aka haifa a nan ɗan sanyin da mu ba ma ɗauka komai ba shi ke sa musu mura da tari. Ƙyallaye kuwa teloli na ba ni kyauta ko a ɗan kuɗi kaɗan, har da masu yawo da keke a kafaɗa suna kaɗa almakashi da ake ce wa obioma, da yawansu 'yan uwanmu ne daga arewa da Nijar, in sun zo wucewa nakan ba su ruwa mu gaisa da Hausar gida.

Kakar 2023 ita ce mafi nauyi a wurina. Na gama shiri zan je gida a karon farko da yarona Inna ta gan shi, sai aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli, aka rufe iyaka, ba a buɗe ta ɓangaren Najeriya ba sai Maris 2024. Watannin nan ban iya barci, albasar maigida ma ta tsaya, to a lokacin na fara haɗa ƙyallayen nan murabba'i-murabba'i inci biyar-biyar ina jerawa a kan tabarma, ja kusa da baƙi, shuɗi kusa da ruwan ƙwai, har na tsinci guntun zanen da Inna ta ɗaure min kaya da shi ranar tahowata na sa shi a tsakiya. Na yi masa shafi da tsohon zanin gado, ya zama abin shimfiɗa, shi ne a kan katifarmu har yanzu, yaron in zai kwanta sai ya nemo wannan guntun ya ɗora kumatunsa ya ce na Inna.

Abin da ke kawo min ɗan kuɗi yanzu jakar cefane ce. Gwamnatin Legas ta hana robar zuba abinci ta kumfa a Janairun 2024, daga 1 ga Yulin 2025 kuma ta fara tsananta dokar ledoji marasa kauri, sai mata suka fara tambaya. Buhun shinkafa nake wankewa tas na sa a ciki, atamfa a waje, hannun na ninka huɗu na bi shi sau biyu na yi masa ɗinkin gicciye a inda ya haɗu da jakar don a nan yake fara tsinkewa, tana ɗaukar doya da tumatir ba ta ji. Mama ce ke tallata min a cocinsu, matan Islamiyyarmu kuma su saya ranar Asabar.

Na kakar bana na riga na fara, labulen ƙofa sabo, rigunan filo huɗu, hijabai biyu na makarantar 'yar maƙwabta. Sauran na gida ne, can sanyin na gaske ne, riguna masu dogon hannu da shafi na 'ya'yan ƙanwata guda biyar da wani mayafi mai kauri na Inna da na haɗa zanin gado biyu na bi shi layi-layi. Maigida ya ce motar da ta kawo albasa za ta juya ranar Alhamis, direban ɗan garinmu ne zai kai har ƙofar gida, saura hannun riga biyu da kalmasar mayafin, in an kawo wuta yau da daddare na samu haske zan ƙarasa in sha Allah.