Kabad ɗin aurena ya sha sabon fenti

Kabad ɗin nan tare muka zo Legas da shi a 2011. Ummana ce ta sa kafinta ya haɗa shi a Kano da katakon maɗaci, aka ɗoro shi a bayan babbar mota cikin kayan ɗakina har Agege. Sau uku muna canza gidan haya, kuma kowane tashi sai maza huɗu sun kama shi. Bara maigida ya dube shi, ya ga yadda hayaƙin risho da maiƙon suya suka mayar da shi, ya ce a fitar da shi a sayo na zamani.

Na je na duba na zamanin. Suna da kyau a ido, amma yawancinsu garin katako ne aka matse da gam, aka lulluɓe da abu mai sheƙi. Maƙwabciyata tana da irinsa. Famfon kicin ɗinta ya yi ɗiga na 'yan kwanaki, ƙasan kabad ɗin ya kumbura yana marmashewa kamar burodin da ya jiƙe. A garin da danshi ba ya ƙarewa, ban ga dalilin ba da katakon gaske in karɓi wannan ba. Na ce wa maigida ya bar ni da abina, zan gyara.

Da ƙaramin teburin da nake yanka albasa a kai na fara gwaji, cikin watan Yuni. Na sayo gwangwanin fentin mai da burushi, na goge teburin da tsumma, na shafa. Kwana biyar yana danƙo. Da ya yi kamar ya bushe, na sa farce sai fentin ya taso kamar ɓawon dankali. Akwai wani dattijon kafinta ɗan Katsina a bayan layinmu, Baba muke ce masa. Ya zo ya shafa teburin da yatsa, ya shinshina, ya ce, “'Yata, ai a kan manja kika shafa. Fenti ba ya kama maiƙo. Sannan kin zaɓi tsakiyar ruwa. Ki bari damina ta wuce.”

Ya yi gaskiya. A Yuni ne ruwan Legas ya fi ƙarfi, ga gari tsakanin teku da tafki, ko wanki sai ya kwana biyu a igiya. Shi kuwa fentin mai, bayan tinar da ke cikinsa, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, ta tashi, sai iska ta ci gaba da ratsa shi a hankali kafin ya taurare. In iskar ta cika danshi, ko aka shafa da kauri, sama ya yi fata, ƙasa yana ɗanye. Mu da muka tashi a Kano mun saba abu ya bushe kafin ka juya, shi ya sa wannan ya shammace ni. Na haƙura har Disamba, lokacin da ɗan hazon hunturu ke leƙowa Legas na 'yan makonni.

Wanki shi ne rabin aikin, kuma shi ne wanda ba a ɗaukar hotonsa. Na kwashe tukwane da kwanuka, na kwance ƙyamaren da sukudireba, na rubuta wa kowanne lamba ta ciki da fensir, na zuba sukurorin a gwangwanin madara don kada su watse. Daga nan sai ruwan zafi da omo da soson ƙarfe. Saman kabad ɗin da gefen da ke kallon risho sai da na wanke su sau uku. Ruwan farko launin shayi ya fito. Baba ya koya min yadda zan gane: in yayyafa ruwa a wurin, in ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya to da sauran maiƙo, in ya baje ya kwanta to ya fita. Ban bar ruwa ya zauna a jikin katakon ba, ina wankewa ina tsanewa, sannan na ba shi kwana biyu a inuwa.

Wurin gugar sanfefa ne na fi yin taka-tsantsan, kuma ina roƙon duk uwar da za ta yi irin wannan aiki ta tsaya a nan. Tsofaffin fentin mai da yawa akwai dalma a cikinsu, ana sa ta don launi ya fito kuma ya bushe da wuri. In aka goge a bushe, ƙurar ce ke bin iska ta sauka a hannun yaro da abincinsa. Ba mu manta yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba. Can daga niƙan dutsen zinare ne, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙananan yara ta fi yi wa illa. Don haka na tura nawa gidan yayata a Idi-Araba, na fitar da kabad ɗin tsakar gida a kan tsohon buhu, na sa takunkumi, ina jiƙa sanfefar da ruwa ina gugawa don kada ƙura ta tashi. Na fara da mai lamba 120, na ƙarasa da 220 mai laushi. Ba sai an kankare har katako ba, a kashe sheƙin tsohon kawai yadda sabon zai sami wurin kamawa.

A nan ne launin asali ya bayyana ƙarƙashin ruwan ƙasar da aka taɓa shafa masa: kore mai duhu, wanda Umma ta zaɓa. Na daɗe zaune ina kallonsa. Maigida fari yake so, amma fari a kicin ɗin da ake soya manja kullum ba ya wata uku da haskensa. Na ɗauki ɓallin tsohon fentin na kai shago, aka haɗa min mafi kusa da shi.

Allon baya kaɗai ƙwaro ya ci, ƙananan huda da gari kamar na tuwo a ƙasa. Baba ya sayo sabo a kasuwar katako ta Mushin ya buga, ya kwaɓa garin katako da farin gam ya cike tsagar da ke jikin ƙyaure.

Shafin kansa bai ba ni wahala ba. Farin shafi na ƙasa sau ɗaya, sannan koren sau biyu, siriri-siriri, ina bin tsawon katakon, da kwana guda tsakanin kowane shafi da ɗan gugar 220. Na kwantar da kabad ɗin na shafe ƙarƙashin ƙafafunsa, don ta nan ruwan goge ƙasa ke shiga. Tina tana kama wuta, saboda haka kwanakin nan ban kunna risho kusa da wurin ba, maƙwabciyata ce ta ba ni aron kicin ɗinta. Cikin kantocin da nake ajiye gari da shinkafa ban sa musu fenti ba, wanki kawai suka sha.

Sai da ya yi mako guda cur kafin na mayar da ƙyamaren na jera kwanukana. Na ɗauki hoto na tura wa Umma ta WhatsApp. Ta kira ni a take, ta ce, “Ashe koren yana nan. To aljihun hagu fa, har yanzu yana cijewa?” Na ce yana yi, Umma. Ta ce in goga masa kyandir a gefe. Na goga, ya buɗe sumul.